Gangara ba wuya: kurakuran baƙi a kwazazzaban Arizona da Yuta

Tun da na zauna a Arizona, duk ɗan uwan da ya zo daga gida sai ya ce a kai shi Grand Canyon, babban kwazazzabon nan da kogin Kolorado ya ratsa. Ina kaiwa da zuciya ɗaya. Abin da ya ishe ni shi ne maimaita magana guda ga mutum goma, kowa ya ce ya ji, a je can kuma ya yi abin da na hana.

Babban kuskure shi ne raina gangara. Dutsen da muka saba da shi hawa ake fara yi, in an gaji a juyo a sauko. Nan kuwa sauka ake fara yi, da ƙarfinka da sanyin safiya, wahalar tana jiranka a dawowa. Zurfin wurin ya haura kilomita ɗaya da rabi. Bakin kudu yana kan tudu mai tsawon kusan mita 2,100, shi ya sa iska ke da daɗi a sama, amma can ƙasa wajen kogin Kolorado zafi kan wuce digiri 43 a watan Yuli. Kana sauka, kana shiga tanda.

Ni ma na sha. Na bi hanyar South Kaibab wajen ƙarfe tara na safe, da gorar ruwa ɗaya, ina taƙama da cewa wanda ya tashi a zafin Sakkwato ba ranar da za ta ba shi tsoro. Hanyar nan babu famfo ko ɗaya, inuwa ma sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ma'aikatan wurin suna cewa a lokacin zafi kada a wuce Cedar Ridge, kilomita 2.4 daga sama. Na wuce. Da na juyo, ƙafa ta ƙi. Gishiri ya bushe fari fat a wuyan rigata, harshe ya zama kamar soso, na raɓe jikin wani jan dutse da ke ƙuna kamar kasko ina ganin duhu-duhu. Wata dattijuwa ce da sandunan tafiya biyu ta ba ni ruwa da gyaɗa mai gishiri, ta tsaya har na dawo hayyacina. Na ce wa kaina, a Sakkwato ai ba ka hawa bene ɗari da tsakar rana, malam. Ka bar wannan cika bakin.

Yanzu ga yadda nake yi. Ina idar da sallar Asuba na kama hanya. In na yi sa'a ɗaya ina sauka, na ware biyu na hawa. Ruwa ya kai rabi, na juyo, ko da abin kallon yana gabana. Kilishi da gyaɗa ba sa barin jakata, domin ruwa zalla ba gishiri shi ma yana kayar da mutum. Wasu sun fi son hanyar Bright Angel saboda tana da wuraren ɗiban ruwa, amma bututun kan fashe, don haka ni ban dogara da shi. Mai azumi kuwa ba na sauka da shi ko taku ɗari, ya yi kallonsa daga sama.

Na biyu, duba sama a ce ai ba hadari. A matsattsun tsagin dutse irin Antelope kusa da garin Page, ko Narrows na gandun Zion da ke Yuta, ruwan da zai kashe ka ba a kanka yake zuba ba. Ya sauka can nesa, dutse bai sha ba, ya taru ya antayo da laka da itatuwa. A watan Agustan 1997 mutum 11 suka mutu haka a Antelope. A Satumban 2015 wasu 7 suka rasu a Keyhole na Zion. Daga Yuli zuwa Satumba, in aka yi gargaɗin ambaliya, ina fasawa ko na riga na biya kuɗi. Baƙona ya taɓa yin fushi da ni kwana biyu a kan haka, na bar shi da fushinsa. Antelope dai ƙasar ƙabilar Nabaho ce, ba a shiga sai da ɗan jagoransu.

Sauran ƙanana ne. Arizona ba ta canza agogo da bazara, Yuta da yankin Nabaho suna canzawa, wayarka za ta yi ta tsalle da sa'a guda, sai ka tambayi masu jagoranka da wane lokaci suke aiki. Kada taswira ta ruɗe ka: tsakanin bakin kudu da na arewa kamar a miƙa hannu, amma a mota sa'a huɗu zuwa biyar ne, kuma na arewa a rufe yake da hunturu. Gadar gilashin nan ta Skywalk ba a gandun gwamnati na Grand Canyon take ba, tana can yamma a ƙasar Hualapai. Hawa dutsen Angels Landing na Zion sai da takardar izini tun 2022. Mai ya kai rabin tanki, ka cika. In ayarin alfadarai ya taho, ka raɓe ta gefen dutse ka tsaya cik. A gandun Arches na Yuta kada ka taka baƙar ɓawon ƙasar nan da ke gefen hanya, rayayyiya ce, shekaru take ɗauka kafin ta farfaɗo.

Kurege kuma, don Allah a daina miƙa masa biskit. Yana cizo, na ga yatsan yaro yana jini a bakin Bright Angel, uban yana riƙe da waya bai ma gama ɗaukar hoton ba.