Kurakuran da ke kashe fulawa da ganyen ƙamshi a tsakar gida, da yadda za a gyara su

Daga Yuli zuwa Satumba kowa gwanin shuka ne. Ko sandar zogale ka soka a gindin katanga za ta yi toho. Ana gane lambun da aka yi da lissafi ne a Maris da Afrilu, lokacin da rana ta take, rijiyoyi suka ja baya, 'yan garuwa suka ƙara kuɗin jarka. Yawancin asarar da ake yi a gidajenmu ta samo asali ne daga tsara lambu da idon damina, alhali a Kano ko Katsina ko Maraɗi watannin rani sun fi na ruwa yawa nesa ba kusa ba.

Tun wajen saye ake fara kuskure. Mutum ya je Jos ya ga furanni sun yi shar, ya cika bayan mota da su ya kawo Sakkwato, bayan mako uku sai tukwane. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, shi ya sa har dankalin Turawa ke yi a can, ita kuwa Sakkwato zafinta na wuce digiri 40 a bazara. Masu sayar da fulawa a bakin titi ma a ƙarƙashin inuwa suke rainon kayansu, suna ba su ruwa safe da yamma, don haka kyan da ka gani a wurinsu ba shaida ba ce cewa shukar za ta jure gidanka. Ka leƙa unguwarku a tsakiyar rani ka ga abin da ke raye a gidajen da ba a kula da shi, shi ne naka. Lalle, kariya, boganbiliya (fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katanga), alobera, zogale, shuwaka da ɗoɗɗoya duk sun saba da wahalar ƙasar nan. In ka sayo sabuwar shuka, ka bar ta kamar mako guda a inuwar da haske ke ratsawa kafin ka fitar da ita rana.

Sai ƙasa. Da yawa sukan ɗebi jar ƙasar da ta rage daga aikin gini su cika bokiti, ko su kwaso laka daga bakin kududdufi don sun ga baƙa ce. Jar ƙasar gini ba ta da abinci, in ta bushe kuma sai ta ƙame, ruwa ya riƙa bi ta gefen tukunya yana fita bai jiƙa saiwa ba. Laka ita kuma riƙe ruwa take yi har saiwa ta rasa iska ta ruɓe. Haɗin da ya fi dacewa da tukunya shi ne kashi biyu na ƙasar saman gona, kashi ɗaya na yashi mai kaushi, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Idan kariya ce ko alobera, a ƙara yashi a rage taki. Buntun shinkafa da ya kwana biyu, ko ɓawon gyaɗa da ya fara ruɓewa, suna sa ƙasa ta saki jiki.

Ita kanta tukunyar, ko bokitin fenti ne ko jarkar da aka yanke ko buhun siminti, dole a huda mata gindi. Ana ƙin hudawa wai don kada ruwa ya ɓata daɓe, sai ruwan ya kwanta a ciki ya yi wari. A huda wuri huɗu ko biyar, a ɗora ta a kan bulo. Baƙar roba kuma tana ɗaukar zafi ƙwarai, in rana ta doke ta daga azahar zuwa la'asar saiwar da ke jikin bangonta dahuwa take yi. Tukunyar ƙasa irin ta maginanmu ta fi sanyi, sai dai tana saurin bushewa. Wanda robar kawai yake da ita ya naɗe ta da tsohon buhun algarara, ko ya jera tukwanen kusa da juna su yi wa juna inuwa.

Ban ruwa shi ne inda aka fi ɓata abu, kuma ta fuska biyu. Akwai mai yayyafa moɗa ɗaya kullum, saman ƙasa ya jiƙe, ƙasan yana bushe. Saiwa takan bi inda danshi yake, sai ta taru a sama, ranar da aka yi tafiya ta kwana biyu shukar ta faɗi. Akwai kuma mai tausayi, wanda duk lokacin da ya ga ganye ya yi yaushi sai ya kwarara ruwa. Yaushin tsakar rana a bazara ba lallai ƙishirwa ba ne, shuka kan sunkuyar da ganye don rage asarar ruwa, da magariba ta miƙe. Abin da ke rikitar da mutane shi ne shukar da ruwa ya yi wa yawa ita ma yaushi take yi, ganyen ƙasa ya koma rawaya, domin ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya shan komai. Sai mai ita ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta. Hanyar rarrabewa ba ta da wuya: ka tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu. In ka ji danshi ka bari sai gobe. In a bushe take ka zuba a hankali har ka ga ya fara fita ta ƙasan tukunya. Da sassafe ya fi, in bai samu ba bayan la'asar.

Kuma ba ma'auni ɗaya ake yi wa kowa ba. Na'a-na'a tana son danshi kullum da ranar safe kawai. Kariya da alobera suna ajiye ruwa a jikinsu, ruwan marka na Agusta ya fi zafin Afrilu kashe su, don haka a janye tukwanensu ƙarƙashin rumfa in ruwa ya zauna. Boganbiliya kuwa sai an ɗan hana ta ruwa take cika da fure, wanda ya shagwaɓa ta ganye kawai zai samu.

Maganar tsadar ruwa gaskiya ce, amma ba kowane ragowar ruwa ne ya dace ba. Ruwan alwala da na wanke shinkafa ko kayan miya suna da kyau, a karkata magudanarsu zuwa gindin lalle ko zogale. Ruwan wanki mai omo ko bilic, da ruwan wanke-wanke mai maiƙo da gishiri, suna tara gishiri a ƙasa har ka ga fari-fari a samanta, bakin ganye yana ƙonewa. Dabarar da ta fi rage kashe kuɗi ita ce rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ganye, kaurin yatsu uku, a bar ɗan fili tsakaninsa da kara. Wata kuma a binne ƙaramin tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba a tsakiyar kwami, wuyansa a waje, a cika shi da ruwa a rufe bakin. Zai riƙa tsattsafowa kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta sha rabonta ba.

A wajen taki ne ake zuwa neman ƙiba a samo rama. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi, yana ƙone saiwa cikin 'yan kwanaki, ɗanyen kashin shanu da na tumaki kuma yana zuwa da irin ciyawa ya jawo gara. A tara shi gefe, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa na wata biyu zuwa uku, sai ya yi baƙi, ya daina wari da ɗumi. Takin zamani ma ana zuba shi a tukunya da hannun gona. Yuriya kashi 46 cikin ɗari nata sinadarin naitirojin ne, cika hannu ɗaya ya isa ya hallaka shukar da ke bokiti. Ƙaramin cokalin shayi na NPK 15-15-15 a wata ya wadatar da matsakaiciyar tukunya, a binne shi nesa da kara, a bi da ruwa. A ganina ganyen da za a ci ko a sha a shayi ba ya ma buƙatarsa in takin gargajiya ya ruɓe da kyau. Toka tana da amfani, amma barbaɗe ake yi, ba a juye murhu gaba ɗaya ba.

Dashe kuma lokaci gare shi. Farkon damina, bayan ruwa ya zauna, shi ne na kananan itatuwa da rassan lalle da shuwaka. Lansir da latas sai da sanyi, daga Nuwamba. A yi dashen da yamma, a yanke baƙar ledar da aka raini shukar a ciki da reza maimakon fizge shukar, kada a binne kara fiye da inda ƙasa ta tsaya masa a da.

Tsakar gidan da aka shafe da siminti tana mayar da zafi sama, katangar da ke kallon yamma kuma takan riƙe shi har dare. Nan wurin boganbiliya da lalle ne, na'a-na'a da ɗoɗɗoya su koma ɓangaren da ke samun ranar hantsi. A tuna da girman da abu zai yi nan gaba. Darbejiya ko mangwaro da aka dasa taku biyu daga katanga ko ramin masai, saiwarsu za ta je neman danshi ta tsaga ginin. Na'a-na'a ma in aka sake ta a kwami ɗaya da wasu, mamaye su take yi, tukunyarta daban.

Mutane da yawa suna jin tsoron sa wuƙa, gani suke kamar cutar da shukar za su yi. Sakamakon shi ne zogale ya miƙe ya wuce rufin ɗaki, ganyen ƴan kaɗan can sama inda sai da gora. Idan ya kai ƙugu ko ƙirji a datse kansa, zai fitar da rassa ta gefe inda hannu ke kaiwa. Lalle ma sabon toho ake so, don haka a rage masa tsofaffin rassa kafin ruwa ya sauka. Ɗoɗɗoya da zarar ta fara fure a tsinke kan, in ba haka ba za ta zuba iri ta tsufa. Wuƙar ta zama mai kaifi da tsabta.

Idan ƙwari suka bayyana, abin da aka saba shi ne a aiki yaro ya sayo maganin feshin gona, wani lokaci ma a fesa na sauro. A kan ganyen da za a jefa a shayi gobe wannan ganganci ne, balle a gidan da yara ke rarrafe. Darɓa da ƙananan fararen ƙwarin nan masu kama da auduga sukan ɓuya a bayan ganye, kuma yawan zirga-zirgar tururuwa a kan kara alamarsu ce, domin zaƙin da suke fitarwa take bi. A fara da wanke su da ruwa da cire reshen da ya fi kamuwa. In sun ƙi, a daka busasshen irin darbejiya kamar rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma har bayan ganye, a maimaita bayan mako. Gara kuwa ta fi kama shukar da ƙishirwa ta raunana, da inda aka jingina busasshen kara a jikin shuka.

Kafin a dasa komai a san wanda ke da guba. Ruwan jikin kariya guba ne, 'ya'yan bini-da-zugu da ake yin shinge da shi suna sa yara amai da gudawa in sun ci, don haka a nisanta su da wurin wasa, a wanke hannu bayan an yanke su. Akuya ɗaya da aka manta ba a ɗaure ba tana iya share aikin wata shida kafin a idar da sallar azahar, kaji suna tone saiwa, ƙadangaru suna cinye sabon tsiro. A kewaye kwamin da waya ko zana tun ranar farko, a rufa wa ƙananan tsiro tsohon gidan sauro har su yi ƙwari.