Bayan Tiyatar Gwiwa: Kurakuran da Ke Sa Ƙafa Ta Ƙage

Na gaji da ganin mutum an yi masa aiki mai kyau a gwiwa, an kashe maƙudan kuɗi, wasu har Indiya ko Masar aka kai su, amma bayan wata huɗu ya shigo ɗakin gashin ƙashi yana ɗingishi, ƙafa ta ƙi miƙewa, ta ƙi lanƙwasuwa. In ka bi diddigi, galibi a gida aka yi ɓarnar, kuma masu ƙaunarsa ne suka yi ta da hannunsu.

Babban abin da ke ƙona mini rai shi ne matashin da ake cusawa a ƙarƙashin gwiwa. Mara lafiya yana nishi, sai mai jinya ta ɗauko filo ta tura masa, nan take ya ji sanyi ya yi barci. Daɗin gaskiya ne, domin gwiwar da ta kumbura ta fi samun sauƙi in ta ɗan lanƙwashe. Sai dai a makonnin farko jiki yana saƙa sabon nama a wurin da aka yanka, kuma a yanayin da ya tarar da gaɓar, a haka zai ɗaure ta. Gwiwar da ta saba kwana a lanƙwashe, a lanƙwashe za ta warke. Daga nan ƙafar ta gajarce, tsokar cinya ba ta hutawa ko a tsaye ake, ƙugu ya karkace, ciwon baya ya biyo.

A kan mahaifiyata na ga wannan. Lokacin da aka sauya mata gwiwa da ta ƙarfe ina aiki a wani gari, ƙannena mata ne ke kwana da ita, kuma don tausayi ba su taɓa barin ta babu filo biyu a ƙarƙashin ƙafar ba. Da na dawo na ce, "Hajiya, miƙe ƙafar in gani," sai na zura tafin hannuna ƙarƙashin gwiwar ya wuce ba tare da ya taɓa komai ba. Watanni muka yi ina danna ƙafar nan tana hawaye, tana cewa, "Kai yaron nan, ba ka tausayina ne?" Har yau ba ta miƙe sarai ba, kuma in ta yi doguwar tafiya bayanta ne ke fara gaya mata. Shi ya sa in na shiga ɗaki na ga filo a wurin, kafin mu gaisa nake zare shi. A naɗe tawul a sa ƙarƙashin diddige, a bar gwiwar tana reto har nauyinta ya ja ta ƙasa, kamar minti 10. Sannan a ɗaure tsokar cinya, a danna bayan gwiwa zuwa katifa, a ƙirga biyar, a saki, a maimaita. Ni da salloli biyar nake ɗaure wa mutane wannan atisaye: ka sallame, ka yi. Wanda aka ce wa "sau da yawa a rana" mantawa yake, amma ba ya manta Azahar.

Na biyu, jiran sai ciwo ya lafa kafin a fara motsi. "Bari ɗinkin ya kama tukuna." Wa ya gaya muku haka? Wanda aka sauya wa gwiwa, ranar aikin ko washegari ake tsayar da shi ya taka. Akan cire ɗinki bayan kamar mako biyu, kuma zuwa lokacin muna so gwiwa ta kusa lanƙwasuwa digiri 90, wato yadda take in mutum ya zauna daidai a kujera. Tafiya a fili tana neman wajen digiri 60, tashi daga kujera fiye da 90, tuƙa keke kusan 110. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In aka wuce wata uku gwiwa ba ta ba da hanya ba, abu ya yi tsauri, wani sai an mayar da shi ɗakin tiyata an yi masa allurar barci an lanƙwasa ta da ƙarfi. A sha maganin ciwon da likita ya rubuta rabin awa kafin atisaye, a zauna bakin gado, a riƙa jan diddige baya a hankali. Zafin ja da ke lafawa cikin awa ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Wanda ke suka kamar wuƙa, ko ya kwana ya wayi gari da ƙarin kumburi, alamar an zarce ce, a rage. Amma wanda aka ɗinke masa guringuntsi ko aka sa masa ƙarfe saboda karaya, iyakar da likitan tiyatarsa ya gindaya ita ce doka.

Ku kuma 'yan dubiya, ku ji tsoron Allah. Kowa ya shigo da nasa magani: wannan ta ce a gasa da ruwan zafi, wancan ya kawo man zafi, wani ya ce ya san mai ɗori a ƙauyensu. Gwiwar da aka yanka jiya ba targaɗe ba ce. Zafi ƙara mata kumburi yake, man da aka shafa kusa da ɗinki kuwa hanyar shigar ƙwayoyin cuta ce, kuma in suka kama ƙarfen da ke ciki, wani lokaci sai an sake buɗewa an cire shi. Ƙanƙara ake sawa, a naɗe a ƙyalle, minti 15 zuwa 20, ƙafa a ɗage sama da ƙirji. In babu wuta, ƙanƙarar leda ta masu sayar da ruwan sanyi ta wadatar.

Sai dattawan da ke jin nauyin salla a kujera, su faki ido su dire gwiwa ƙasa tun raunin yana ɗanye. Baba, Annabi (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Karɓi sauƙin. Zaman tahiya yana neman gwiwa ta naɗe gaba ɗaya, kuma ba kowace gwiwar da aka sauya ke kaiwa can ba. Haka ban-ɗakin tsuguno: a tanadi kujerar bayan gida tun kafin a sallamo mutum.

Sanda a hannun da ke ɗaya gefen ake riƙe ta, ba gefen ƙafar da aka yi wa aiki ba. A matakala lafiyayyar ƙafa ce gaba wajen hawa, mai ciwon ce gaba wajen sauka. Kada a yar da sanda don kunyar mutane alhali ana ɗingishi. Kada a je kemis a ƙaro tiramol a kan abin da likita ya rubuta. Mai ciwon suga ya kula da sugansa, mai shan taba ya ajiye ta, duka biyun suna hana rauni warkewa. In sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya fara sarƙewa, ko zazzaɓi ya zo ɗinki yana tsiyaya, asibiti za a nufa a wannan sa'ar, ba a jira safiya.

Samarin ƙwallo da aka gyara wa jijiyar tsakiyar gwiwa, ku ne masu gaggawa. Wata uku ciwo ya tafi, sai ka ga yaro a filin unguwa da yamma, alhali sabuwar jijiyar ba ta gama ƙwari ba. Wani bincike da aka buga a 2016 kan 'yan wasa a ƙasar Norway ya nuna kowane watan da aka ƙara jira, har zuwa wata tara, yana rage haɗarin sake jin rauni da kusan rabi. Ni ba na sa hannu kowa ya koma fili kafin wata tara, kuma ko ya cika, sai na ga ya yi tsalle da ƙafar ita kaɗai ya kai kusan inda lafiyayyar ke kaiwa.