Darasi na Bakwai: Kibod Mai Yawo a Fuskar Kwamfutar Hannu

A darasin baya mun koyi kiran kibod, wato jerin haruffan nan da ke fitowa a fuskar kwamfutar hannu da zarar an taɓa wurin rubutu. Wanda ya gwada ya ga matsalar da idonsa. Idan kuka kwantar da na'urar a kaikaice kuka taɓa, sai kibod ya taso daga ƙasa ya cinye kusan rabin fuskar. Kuna cike fom, kuna son kwafo wata lamba da ke ƙasan shafi, ga shi haruffa sun zauna daidai a kanta. Sai ku rufe kibod, ku duba lambar, ku sake buɗewa, kafin nan kun manta ko 6 ce ko 9. Maganin wannan shi ne kibod mai yawo, wato ƙaramin kibod da ake iya jan sa ko'ina a fuskar.

Jerin haruffan kansa tsoho ne. Wani Ba'amurke, Christopher Sholes, shi ya tsara shi domin tafireta, kamfanin Remington kuma ya fara sayar da ita a 1874. Shi ya sa har yau layin farko yake farawa da Q, W, E, R, T, Y maimakon A, B, C. Da kamfanin Apple ya fito da iPad a 2010, kibod ɗinsa a manne yake a gindin fuskar, ba ya motsi. A 2011 suka ba da damar raba shi biyu, rabi hagu rabi dama, domin mai riƙe da na'urar da hannu biyu ya yi rubutu da manyan yatsunsa. Google ya ƙara wa Gboard, wato manhajarsa ta kibod, tsarin yawo a 2018, Apple kuma ya kawo nasa a 2019 tare da iPadOS 13, manhajar da ke tafiyar da iPad.

Mu fara da iPad. Ku taɓa wurin rubutu kibod ya fito. Ku ɗora babban yatsa da manuniya a kan haruffan, a ware, sannan ku haɗe su kamar za ku tsinci allura. Kibod zai tsuke ya koma kamar na waya. Yanzu ku duba ƙasansa, akwai ɗan gajeren layi a kwance. Nan ne mariƙinsa. Ku ɗora yatsa ɗaya a kan layin, kada ku ɗaga, ku ja shi duk inda kuke so. Idan kuna son babban ya dawo, ku ɗora yatsun nan biyu a haɗe, ku ware su. Masu koyo da yawa suna yin wannan da yatsa ɗaya, sai su ga haruffa suna ta zuba a shafi. Ba a ɓata komai ba, a goge a sake.

A na'urorin Android masu Gboard kuwa, ku taɓa alamar ƙananan murabba'i huɗu da ke layin saman kibod, ku nemi kalmar Floating, wato mai yawo, ku taɓa ta. Shi ma mariƙinsa yana ƙasa. Idan kuka ja shi har gindin fuskar kuka saki, zai koma mazauninsa na da.

Me ya sa aka yi masa mariƙi daban? Masu ƙera manhajar sun sha fama da wannan tambaya, domin na'ura ba ta karanta zuciya. Yatsa ya sauka a kan harafin M ya ɗan gusa: rubutu ake nufi ko ja ake nufi? Sai suka raba aikin, haruffa na rubutu, layin ƙasa na ja. Sun kuma hana kibod ficewa daga gefen fuskar, don kada a tura shi inda hannu ba zai iya kamo shi ba.

Babban ciwon kansu shi ne girman yatsa. Google yana ba masu ƙera manhaja shawarar kowane madanni ya kai kusan milimita 9, amma haruffan ƙaramin kibod ba su kai haka faɗi ba. Don haka manhajar takan yi hasashe: ta duba inda yatsa ya sauka, ta duba kalmomin da ta sani, ta zaɓi wadda ta fi kama. Idan an bar ta a kan Turanci kuna rubuta Hausa, sai ta riƙa yi muku gyaran gangar auzinawa, ku rubuta daidai ta mayar da shi wata kalma can. Gboard yana da Hausa cikin harsunansa, ku shiga saiti ku ƙara ta.

Akwai bambanci ɗaya da nake so ku riƙe da kyau. Kibod na ƙasa yakan sa shafi ya matsa sama, domin ku ga abin da kuke rubutawa. Mai yawo a bisa shafin yake zama, shafin kuma ba ya gusa masa. Idan ya rufe layin da kuke kai, ku ne za ku janye shi gefe. A ganina, ya fi dacewa da cike fom, kwafar lamba, ko gajeren saƙo da hannu ɗaya yayin da ɗayan yake riƙe da na'urar. Doguwar wasiƙa kam, ko ga mai raunin ido, babban ya fi sauƙi.

Aikin yi

Ku buɗe shafin rubutu, ku rubuta lambobi goma a layin farko. Ku mayar da kibod mai yawo, ku kai shi kusurwar dama ta ƙasa, ku kwafi lambobin a layi na biyu ba tare da kun rufe shi ba. Daga nan ku juya na'urar a tsaye, ku lura da inda kibod ɗin ya koma, ku nuna wa malami ko abokin zamanku.