Yadda ake kafa gonar kwakwar manja, ga ƴan Maradi masu ƙafa a kurmi

Jama'a gara in faɗa muku tun farko, kwakwar manja ba iccen ƙasarmu ba ce. Tana son ruwan sama wajen milimita 2000 a shekara kuma ya bazu cikin watanni, mu nan Maradi wajen 500 muke samu cikin wata uku zuwa huɗu, sannan hunturu ya zo ya busar da komai. To amma mu ne muke shigo da manja jarka-jarka ta Ɗan Isa, kuma da yawa cikinmu suna da ƙafa a Edo ko Kuros Riba ko Kwaddibuwa. Wanda Allah ya hore masa fili can, ga yadda ake yi.

Fili dai a samu mai ƙasa mai zurfi wadda ruwa ba ya kwanciya, kuma a yi takarda da shaidu gaban sarkin gari, don icce ne na shekara 25.

Inda mutane suka fi asara shi ne iri, kuma abin yana ƙona min rai wallahi. Wanda ake so sunansa tenera, auren iri biyu ne, dura da pisifera, ɓawon ƙwallonsa siriri ne namansa da kauri, shi ya sa ya fi mai. Kar ka tsinci ƴaƴa a gindin icce ka shuka ko da uwar tenera ce, don kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ka shuka pisifera za su fito, galibi ba su haihuwar kirki, kuma ba za ka gane ba sai ka ci shekara uku kana ba su taki. Ka tafi NIFOR, cibiyar binciken kwakwar manja ta Najeriya, kusa da birnin Benin a jihar Edo, ko wajen wanda ka tabbata daga can yake ɗaukowa, tsadar nan ita ce araha.

Reno a leda ake yi, wata uku a ƙarama cikin inuwa, sai a mai da babba har ya kai kamar shekara, ban ruwa kullum.

Dashe kuma farkon damina. Mita 9 tsakanin kowane, amma ba layi da layi irin na hatsi ba, uku-uku kamar duwatsun murhu, hakan zai ba ka 143 a hekta. Kowane dashe ka zagaye shi da ragar waya don gyazbi yana cinye zuciyar cikin dare. Shekara biyun farko sa wake ko gyaɗa a tsakani ka samu kuɗin ma'aikata, gindin dai a bar shi fes. Taki mai potas take so sosai, kuma nonon da aka kakkaɓe ƴaƴansa a mai da shi gona ya ruɓe, kar a ƙone.

Wajen shekara uku take fara haihuwa. In ka ga ƴaƴa sun fara zubowa da kansu nono ya nuna, ana zagayawa duk kwana 10 zuwa 14, da ƙarfe mai kama da dagi tun tana gajera, in ta yi tsawo sai lauje mai doguwar ƙota. Abin da aka sara yau ya kai injin matsa kafin gobe, in ya kwana biyu uku a jibge man zai yi tsami farashi ya faɗi, don haka kafin ma ka biya kuɗin fili ka tambaya ina injin yake, kuma mota tana shiga hanyar da damina?