Yadda za ka shigar da tsarin tafiyar jirgi cikin GPS a X-Plane

Duk mai tuƙa jirgi a X-Plane, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama a kwamfuta, ya san wahalar rubuta tashoshin hanya ɗaya bayan ɗaya a GNS 530, na'urar GPS da ke cikin jirgin, kana ta murɗa ɗan maɓallin nan harafi harafi har hannu ya gaji, alhali akwai hanya mai sauƙi.

Ka shiga SimBrief, shafin intanet na tsara tafiyar jirgi, kyauta ne, ka tsara tafiyarka misali daga filin jirgin Kano mai lamba DNKN zuwa na Abuja mai lamba DNAA, in ya gama sai ka sauke fayil ɗin X-Plane mai ƙarewa da .fms. Little Navmap, wata manhajar tsara tafiya, ma yana fitar da irinsa. Sai ka jefa shi cikin foldar X-Plane, ka shiga Output sannan FMS plans, nan kaɗai GPS ɗin yake dubawa, in ka barshi a Downloads wallahi ba zai ganshi ba.

A cikin jirgi danna maɓallin FPL a jikin GPS ɗin, juya ƙaramin maɓalli zuwa jerin fayiloli, zaɓi naka, danna ENT. In jirgin yana da GPS biyu, GNS 530 da GNS 430, ba sai ka sake lodawa ba, danna MENU ka nemi crossfill ya tura wa ɗayan.

Inda mutane suka fi shan wahala kuwa shi ne AIRAC, wato zagayen sabunta bayanan hanyoyin sama da ake yi duk kwana 28, to in na SimBrief ɗinka da na X-Plane ba zagaye ɗaya ba ne sai wata tasha ta ɓace ko layin ya karkace. Kuma fayil mai ƙarewa da .pln na wata manhajar ce daban, Microsoft Flight Simulator, kada ka haɗa su.