Yadda za mu rage haɗarin yara tun daga bencin awo

'Yan uwana ma'aikatan cibiyoyin kiwon lafiya (CSI) na Maradi, tun 2006 ake duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a Nijar, shi ya sa uwaye ke cika mana benci ranar awo da rigakafi, to wannan zaman jiran kar a bar shi ya tafi a banza, ba sai kuɗin proje sun zo ba.

Ku ware mutum guda, ko rele (mai wayar da kan jama'a kan lafiya a unguwa) ko sajifam (ungozomar asibiti), ya yi wa uwaye zancen kare yara daga haɗari minti 10 kafin a fara kira. Magana ɗaya a rana, kuma ku bi lokaci. Da ɗari a yi zancen ƙuna, don lokacin ne ake shiga da garwashi ɗaki ana aje ruwan wanka mai zafi a ƙasa. Da damina sai ruwa, Gulbi da kududdufi da ramin bulo, har bahon wanki, mai rarrafe in kansa ya shiga, ruwa kaɗan ya isa ya halaka shi.

Dan Allah kar ku yi wa'azi. Ɗauko robar lemo da anka zuba kananzir ko esans, ki ɗaga ta sama ki ce "Inna, a gidanku ina ake aje wannan?" sai ki yi shiru, za ki ji amsa, ƙarƙashin gado. Haka sodar masu haɗa sabulu, fara ce kamar sukari, yaro ya lasa ta ƙone masa maƙogwaro har haɗiya ta gagara. In ya sha, ba a sa shi amai, ba a ɗura masa madara ko manja, a taho da shi tare da robar. Ƙuna kuwa ruwa mai sanyi ake ta zubawa minti 20, ban da ƙanƙara, ban da man goge baki da ƙwai da toka, a rufe da ƙyalle mai tsabta.

Uwar da ta kawo yaro da rauni kar a yi mata faɗa wallahi, in kunka kunyata ta gobe gida za ta zauna da shi. Ku tambaye ta ina abin ya faru, da me, ƙarfe nawa, ku rubuta a rajista. Ƙarshen wata in kunka ga rijiya ce marar murfi, ku je wa mai unguwa da takardar. Iyaye maza ba su zuwa awo, alhali su ke ɗora yara uku a moto, su sai ta bakin liman ranar Juma'a.