Yadda ake gano musabbabin jijjiga bayan an ɗaura injin jirgin ruwa da aka yi wa garambawul

Masu jiragen fito da na kamun kifi a Tiga da Watari da bakin kogin Haɗeja sun saba da wannan: an kai inji wajen makanike, an sa sabon fistin da ringi da gasket, an dawo da shi an ɗaura, ana shiga ruwa sai hannun tuƙi ya kama rawa, har katakon jirgin ya ɗauka. Abin da mafi yawan sababbin masu jirgi suke yi shi ne su kwance injin nan take su mayar wa makanike da faɗa, shi kuma ya sake farke shi, a sake sayen gasket, jijjigar kuwa tana nan. Sau da yawa laifin yana wajen ɗaurawa ko a farfela, inda aikin makaniken bai ma taɓa ba. Bayanin da ke tafe ya shafi injin da ake rataya wa a bayan jirgi, irin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 40, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai.

Da farko a raba jijjigar gida biyu, kuma ban yarda a taɓa sifana ba kafin a yi wannan. A ɗaure jirgin a gaɓa inda ƙafar injin ta nutse sosai, a tayar da shi a firi, wato ba a sa giya ba, a bar shi ya yi ɗumi, sannan a ƙara totur kaɗan kaɗan ana sauraro. Kada a zuga shi zuwa ƙarshe a firi, domin inji marar nauyin ja yana wuce iyakarsa, ga shi kuma ringinsa bai zauna ba. Injin silinda biyu yana ɗan karkarwa a silo, wato lokacin da ba a ba shi wuta ba, wannan halinsa ne, kuma tana lafawa da zarar an ƙara wuta. Idan jijjigar ta ƙi lafawa a firi, ko ta ƙaru, matsalar tana sama, a kan injin ko mazauninsa. Idan kuwa lafiya lau yake a firi, sai an sa giya an fara tafiya take bayyana, to a manta da fistin da ringi, a sauka ƙasa. Wanda zai yi gwajin a gida ya cika duro da ruwa har ya rufe kafofin shan ruwa da faffaɗan ƙarfen da ke bisa farfela, saboda robar famfon sanyaya inji tana ƙonewa cikin ƙanƙanin lokaci idan ta juya a bushe.

Kafin a bi ko wace hanya, a duba katakon bayan jirgin. Katakon da ya daɗe a ruwa yana laushi, sukurorin matsewa biyu suna nutsewa a cikinsa, sai a ga kamar an ɗaure alhali injin yana lilo. A kama ƙafar injin a girgiza ta hagu da dama: in katakon yana motsi tare da ita, kafinta ake nema. A lura da tsayi kuma. Faffaɗan ƙarfen da ke bisa farfela ya kamata ya yi daidai da gindin jirgin ko ya sauka ƙasa da shi da kamar inci 1. Ƙafar inji iri biyu ce, gajera ta katako mai inci 15 da doguwa ta inci 20, kuma idan injin ya ɗagu fiye da kima farfela takan shaƙi iska, inji ya yi ihu, jirgi ya yi ta fizga.

Yanzu sai farfela, inda na fi ganin mutane suna wucewa da sauri. Farfelar da aka cire aka ajiye lokacin garambawul ita ce ake mayarwa, kuma ba wanda yake tambayar abin da ta daka kafin injin ya mutu. A madatsun ruwa irin Tiga da Challawa, da rani ruwa yana ja baya, kututture da tudun yashi suna matsowa kusa da sama, kuma ɗan lanƙwasa a kunne ɗaya daga cikin uku ya isa ya girgiza jirgi duka. A kashe inji, a zare murfin fulogi duka biyu domin kada ya tashi bisa kuskure, a ɗaga ƙafar, a sa a firi. A riƙe ɗan kara ko waya a jingine da faffaɗan ƙarfen nan, bakinsa yana dab da gefen kunnen farfela, sannan a juya ta da hannu a hankali. Kunnuwan uku su wuce bakin karan da tazara ɗaya. In ɗaya ya goga, wani ya yi nesa, an samo inda za a fara.

Sai dai wannan bai nuna ko farfelar ce ta lanƙwashe ko sandar da take kai ba, kuma a nan ake asarar kuɗi, domin mutum ya je Kano ya sayo sabuwar farfela ya ɗora a kan karkatacciyar sanda. A cire farfelar gaba ɗaya, a kafa karan a bakin sandar, a sake juyawa. Sanda mai lafiya bakinta yana juyawa a wuri ɗaya. Wadda ta karkace za a ga tana matsowa tana janyewa. Idan ido ya iya ganin wannan, ta wuce a ci gaba da aiki da ita, domin za ta cinye robar da ke tare ruwa, ta bi da boris ɗin giya. Tunda an cire, a duba bayan farfelar. Zaren koma da igiyar fatsa suna naɗewa a can su narke, a yankin Guri da Kirikasamma kuma ciyawar ruwan nan kachala ce take cushewa. A tabbatar kakkauran washa ɗin da farfela take jingina da shi yana nan, saboda yaran gareji suna yawan mantawa da shi, kuma noti ya ɗauru an sa masa fil ɗin da ke hana shi kwancewa. A buɗe sukuron ƙasa a ɗiga man giya kaɗan: in ya fito fari kamar madara, ruwa ya riga ya shiga.

Akwai masu daddaka kunnen farfela da guduma a kan dutse, ko su kai wa mai walda ya cike inda ya gutsure. Wannan gyaran yana iya kai mutum gida ran kasuwa, amma farfelar da aka ƙara wa nama a kunne ɗaya ta rasa daidaiton nauyi, kuma a wurina ba a gwada sabon inji da ita. Hanya mafi arha ita ce aron farfela mai lafiya, mai lamba iri ɗaya, daga abokin sana'a, a yi zagaye ɗaya da ita. In jijjigar ta ɓace, magana ta ƙare. In kuma inji yana ihu jirgi ba ya gaba, a ja layi da fenti daga notin zuwa jikin farfelar, a yi tafiya a dawo. Layin da ya rabu yana nufin robar cikinta tana sulɓewa.

Wanda gwajin firi ya tura shi sama, ya fara da tabbatar da cewa silinda biyun suna aiki. A yi ɗan gudu, a kashe, a kwance fulogi a jera su. Wanda ya fito a jiƙe, baƙi ƙirin ko fes kamar sabo, silindarsa ba ta ƙona mai. A musanya su a sake gwadawa: in laifin ya bi fulogin, a sayi sabo, in ya tsaya a silindar, a duba kwayil da wayarsa da kabureta. A tuna cewa sabon aiki yana son a ninka baƙin mai a awa 10 na farko, wato lita 1 cikin lita 25 na fetur maimakon cikin 50, kuma wannan kansa yana jiƙa fulogi idan aka daɗe a silo. Fetur ɗin bakin hanya mai ruwa ma yana sa inji tari, don haka a gwada da wani tanki.

Daga nan a duba robobin da injin ke zaune a kansu, sama da ƙasa, waɗanda ba safai ake canza su a garambawul ba ko da sun tsage. A duba notin faifan sama da igiyar tayarwa ke juyawa. In bai ɗauru yadda ya kamata ba, ɗan makullin da ke riƙe shi yakan yanke, lokacin wuta ya goce. Sai a sa ma'aunin matsi a ramin kowane fulogi, kuma bambancin da ya wuce kashi 10 cikin 100 tsakanin silinda biyun yana nuna aikin cikin bai yi ba. In duk waɗannan sun fita lafiya amma jijjiga tana ƙaruwa da wuta a firi, saura kirankishaf, wato sandar cikin inji da fistin ke juyawa, wanda a yawancin waɗannan injina matse shi ake yi gunduwa gunduwa, kuma in an sa sabon hannun fistin ba a daidaita shi da ma'auni ba, dole ya yi rawa. A wannan matakin ne ake kwance inji a mayar wa makanike, a faɗa masa abin da aka gwada ɗaya bayan ɗaya, a kuma nemi ya auna kirankishaf ɗin a gaban mai jirgi kafin ya rufe.